Kundin Takarar Alƙalin Ƙaramar Kotu a Texas: Daga Satumba 2025 Zuwa Jajibirin Zaɓen Fid da Gwani

Asabar, 13 ga Satumba, 2025

Kwamitin kamfe na ɗan takararmu ya yi zaman farko. Kujerar da ake nema ita ce ta alƙalin ƙaramar kotun yanki, wanda mutanen Texas ke taƙaita sunansa da JP. Jihar na da gunduma 254, kowace gunduma an yanka ta yanki-yanki, kowane yanki kuma da alƙalinsa ɗaya ko biyu. Ba naɗa shi ake yi ba, zaɓensa ake yi da tutar jam'iyya, ya yi shekara huɗu.

Kotun ƙarama ce a suna, amma ita talaka ya fi taka ƙafarsa a ciki. Rigimar kuɗi da ba ta wuce dala 20,000 ba a nan ake yin ta (an ɗaga adadin daga 10,000 a watan Satumban 2020). Ƙarar mai gida da ke son tashin ɗan haya a nan take farawa. Tikitin hanya da ƙananan laifukan da hukuncinsu tara ce kawai, su ma nan suke zuwa, haka batun yaran da ke ƙin zuwa makaranta. Alƙalin yana ɗaura aure idan ya so. A ƙananan gundumomin da ba su da likitan binciken gawa, shi ake tasowa ko da tsakar dare ya tabbatar da mutuwa da sanadinta. Tamu babba ce, tana da nata likitan, don haka wannan nauyin ba ya kan wanda zai hau kujerar.

Sharuɗɗan tsayawa ba su da yawa, kuma mun bi su ɗaya bayan ɗaya da takarda a hannu: ɗan ƙasar Amurka, shekara 18 zuwa sama, wata 12 yana zaune a jihar da wata shida a cikin yankin kafin ranar rufe karɓar takardu, yana da rajistar zaɓe a yankin, kuma babu hukuncin babban laifi a kansa. Ba a buƙatar digirin lauya. Wanda ya ci sai ya yi horon awa 80 a shekararsa ta farko, sannan awa 20 kowace shekara. Sharaɗin wata shida shi ne abin dubawa da kyau. Za a rufe ranar 8 ga Disamba, wato duk wanda ya tare a yankin bayan farkon Yuni ya makara. Mun ajiye kwafin takardar haya, ta wuta, da lasisin tuƙi na ɗan takara, dukkansu da adireshi ɗaya.

Litinin, 22 ga Satumba

An kai fom ɗin naɗa ma'ajin kamfe ofishin gunduma, an buga masa hatimi. Na JP a gunduma ake ajiye shi, ba a hukumar ɗa'a ta jiha da ke Austin ba, kodayake fom ɗin nata ne. Kafin wannan takarda ta shiga, haramun ne a karɓi ko sisin kwabo ko a kashe shi da sunan takara, har kuɗin aljihun ɗan takaran kansa. Daga nan aka wuce banki aka buɗe asusu na daban, domin doka ta hana cakuɗa kuɗin kamfe da na gida.

Batun kuɗi ne wurin da al'adarmu ta gudummawa ke cin karo da dokar nan, shi ya sa muka rubuta shi a takarda guda, kowane ɗan kwamiti ya riƙe kwafi. Tsabar kuɗi daga mutum ɗaya ba za su wuce dala 100 ba a tsawon zangon rahoto guda. Abin da ya haura sai ta caki ko kati. Ba a karɓar kuɗin da ba a san mai shi ba, don haka zagaya faranti ko hula a wurin taro ya fita. Ba a ba da kuɗi da sunan wani: idan 'yan adashi goma suka haɗa, sunan kowa da adireshinsa da abin da ya zuba ake rubutawa, ba a ce uwar adashi ce ta bayar ba. Kamfani ba ya bayarwa, ƙungiyar ƙwadago ma haka, kuma masallaci ko coci ko ƙungiyar 'yan gari da ta yi rajista a matsayin kamfanin da ba na riba ba duk suna cikin hanin, ko da ɗakin taro ne kyauta. In za a yi amfani da ɗakinsu, a biya haya a karɓi rasit.

Wanda ya fi zafi a zuciya shi ne na 'yan uwa na gida. Dokar tarayya ta hana wanda ba ɗan ƙasa ba kuma ba shi da katin zama na dindindin ya sa kuɗi a kowane zaɓe a Amurka, har da ƙaramin irin wannan. Yaya ko kawu da ke Kano ko Maraɗi ya turo gudummawa da kyakkyawar niyya, dole a mayar masa. Mai katin zama na dindindin zai iya ba da kuɗi, amma ba zai sa hannu a takardar goyon baya ba, ba kuma zai yi zaɓe ba. Ɗalibi mai biza yana iya aikin sa kai muddin ba biyansa ake yi ba.

Asabar, 4 ga Oktoba

An fara tattara sa hannu. A gunduma mai mutum 200,000 zuwa sama kuɗin shiga takarar JP dala 1,000 ne, a ƙanana kuma 375. Amma a gundumomin da suka haura mutum miliyan 1.5, irin su Harris da Dallas da Tarrant da Bexar, kuɗi kaɗai ba ya isa: sai an haɗa da sa hannun masu zaɓe 250. Wanda ba ya son biyan kuɗi sai ya kawo abin da ake nema a madadin kuɗin, da ƙarin 250 a kai, wanda a yanki mai yawan jama'a yake kamawa 750. Mun zaɓi biyan kuɗin da 250, amma mun sa wa kanmu 500, don sanin cewa da yawa za su zube a tantancewa.

Kowane layi yana buƙatar abu biyar: sa hannu, suna da manyan baƙaƙe, adireshin gidan da mutum ke kwana (ba akwatin gidan waya ba), ranar haihuwa ko lambar rajistar zaɓe, da ranar da ya sa hannu. A cike saman kowace takarda tun kafin a fita, da sunan ɗan takara da sunan kujera da lambar yanki da jam'iyya. Takardar da aka sa wa hannu samanta babu komai, abokin hamayya zai iya ƙalubalantar ta gaba ɗaya. Mai zagayawa dole ya karanta wa kowa gargaɗin da ke kai kafin ya miƙa biro: wanda ya sa hannu ya ɗaure kansa, ba zai shiga zaɓen fid da gwanin wata jam'iyya ba a wannan shekarar zaɓe. Mutum ɗaya kuma ba ya sa wa 'yan takara biyu hannu a kujera ɗaya. Na farko ne ke tsayawa, na biyu ya faɗi. Akwai wani sharaɗi da ake yawan mantawa da shi: ba a karɓar sa hannu a harabar kotun gunduma ko rassanta. Wurin na da jan hankali saboda cunkoso, amma mun hana kowa zuwa.

Asabar, 25 ga Oktoba

Mako uku ana aiki, yau aka zauna da rajistar masu zaɓe a kwamfuta ana bin layi-layi. A takardun makon farko kusan uku cikin kowane goma sun faɗi, kuma dalilin da ya fi yawa ɗaya ne: mutumin yana da rajista, amma ba a yankinmu ba. Kalmar da Turawa ke kiran yanki da ita a nan, wato precinct, tana ɗaukar abu uku daban: ƙaramar mazaɓar da mutum ke jefa ƙuri'a, yankin kwamishinan gunduma, da yankin alƙali. Ka tambayi mutum lambar yankinsa ya gaya maka ta kwamishina da gaskiyarsa. A katin zaɓe akwai gurbi na musamman da ke nuna yankin alƙali, shi za a duba, ko a sa adireshin a shafin gunduma ta waya kafin a ba shi biro. Teburin da muka kafa a bakin kantin kayan abincin Afirka shi ya fi tara jama'a, shi ne kuma ya fi zubewa, don masu sayayya daga ko'ina cikin birni suke zuwa. Bin gida-gida da jerin sunaye a hannu ya fi jinkiri, amma kusan duk abin da aka samo ta nan ya tsaya.

Sauran kurakuran: waɗanda suka ƙaura ba su sauya adireshi a rajista ba, miji ya sa wa matarsa hannu don tana kicin, wanda ba ya halatta ko da ta yarda, da rubuta ranar haihuwa irin ta gida, rana kafin wata. Wanda aka haifa 5 ga Nuwamba ya rubuta 5/11, a nan za a karanta shi 11 ga Mayu, bai dace da rajista ba. Yanzu mai zagayawa ne ke cewa a fara da wata.

A ƙasan kowane ƙunshi akwai rantsuwar mai zagayawa, cewa shi da kansa ya karanta gargaɗin, a gabansa aka sa hannu, kuma ya yi imanin sa hannun na gaskiya ne. A gaban notari, wato jami'in da ke shaida rantsuwa da sa hannu, ake sa mata hannu, bayan an gama cike takardar, ba kafin nan ba. Ƙunshi biyu da aka bari a kan kanta a wani shago mutane suna sa hannu babu mai tsaye a kai, mun yage su. Babu wanda zai iya rantsuwa a kansu da gaskiya, kuma bai dace mai neman kujerar alƙali ya fara tafiyarsa da rantsuwar ƙarya ba.

Litinin, 10 ga Nuwamba

An buɗe karɓar takardu ranar Asabar 8 ga wata, yau muka kai namu. Ba ofishin zaɓe ake kai wa ba, shugaban jam'iyya na gunduma ake miƙa wa. Abin da ke cikin jakar: fom ɗin neman shiga da aka rantse a kansa gaban notari, takardun sa hannu an jera su da lamba, da cakin banki na dala 1,000. Mun zaɓi cakin da banki ya riga ya cire kuɗinsa, domin cakin da ya dawo babu kuɗi yana iya rusa takarar. An ɗauki hoton kowane shafi kafin a miƙa, an kuma karɓi shaidar karɓa mai kwanan wata.

Dalilin zuwa da wuri: bayan an rufe, doka ba ta yarda a gyara fom ko a ƙara sa hannu ko ɗaya ba. Wanda ya kai ranar ƙarshe da yamma aka ga gurbi ɗaya babu komai, shi ke nan sai bayan shekara huɗu. Wanda ya kai da sauran mako huɗu yana da damar janyewa ya sake sabo.

An ɗan yi muhawara kan sunan da zai fito a takardar ƙuri'a. Jama'a da Alhaji suka san shi, amma doka ta hana laƙabin matsayi kowane iri, ko Dakta ko Alhaji ko Fasto. Sunan da aka saba kiran mutum da shi yana iya shiga idan kalma ɗaya ce da ba ta wuce harafi goma ba kuma an san shi da ita aƙalla shekara uku. Mun bar sunan yanka da na mahaifi kamar yadda suke a lasisi, kuma duk abin da za a buga daga yau haka zai fito, harafi da harafi, don idon mai zaɓe ya saba da abin da zai gani a na'ura.

Laraba, 3 ga Disamba

Allunan ƙofar gida sun iso daga maɗaba'a, inci 18 da 24, na roba mai ramuka da ƙafar waya. Yau saura kwana 90 zaɓe, kuma daga yau ƙungiyar masu gidaje ta unguwa ba ta da ikon hana mai gida kafa allo a filinsa har kwana goma bayan zaɓe, kodayake tana iya ƙayyade girma da yawa.

Samfurin farko mun mayar da shi, saboda abu uku. Babu layin da ke cewa tallar siyasa ce da sunan wanda ya biya. Babu gargaɗin da doka ta wajabta a kowane allo, cewa laifi ne a kafa shi a gefen babbar hanya da ke hannun hukuma. Na uku ya fi su haɗari: mai zanen ya rubuta suna, ƙarƙashinsa sunan kujera, babu komai a tsakani, kamar mutum ya riga ya zama alƙali. Wanda ba ya kan kujera dole ya sa kalmar da ke nuna nema yake yi, kuma girmanta ya kai aƙalla rabin girman baƙaƙen sunan kujerar. Gara jinkirin mako ɗaya da a buga ɗaruruwa a zubar. Allo sai da izinin mai fili. Wanda aka soke a tsakiyar titi ko jikin turken wuta ma'aikata za su kwashe, kuɗin ya tafi a banza.

Litinin, 8 ga Disamba

An rufe da ƙarfe 6 na yamma. Mu uku ne masu neman kujerar a jam'iyyarmu. A Texas ba a cin fid da gwani da rinjaye kawai, sai an haura rabin ƙuri'u. In babu wanda ya haura ranar 3 ga Maris, biyun farko za su sake karawa ranar 26 ga Mayu. Ma'aji ya ware kashi ɗaya cikin huɗu na abin da ke asusu, ba za a taɓa shi ba sai an ga sakamako.

Alhamis, 18 ga Disamba

An gama ƙuri'ar sa'a da ke tsara jerin suna a takardar zaɓe, mun fito na biyu. A kujerar da yawancin masu zaɓe ba su san kowa ba, na saman jeri yakan tsinci ƙuri'ar waɗanda ke sauri. Ba abin da za a yi sai ƙara nanata sunan.

Asabar, 10 ga Janairu, 2026

Horon 'yan sa kai kafin fara bin gida-gida na gaske. Jerin gidajen daga rajistar gunduma muka ciro shi. A jihar nan ba a rajistar jam'iyya, amma rajista tana nuna wanda ya fito a fid da gwanin wace jam'iyya a shekarun baya. Mun fara da waɗanda suka fito aƙalla sau biyu a ukun da suka wuce, 2020 da 2022 da 2024, don su ne kusan tabbas za su sake fitowa. Mutum biyu kowane titi, gida 40 zuwa 50 a fita ɗaya. In ba kowa, a rataya takarda a marikin ƙofa. Kada a kuskura a sa ta a akwatin wasiƙa, na gidan waya ne, dokar tarayya ta hana saka abin da ba a biya kuɗin kan sarki ba.

Mafi yawan lokacin horon ya tafi ne a kan abin da ba a faɗa. Mai neman kansila yana iya alkawarin kwalta da fitila. Mai neman alƙalanci ƙa'ida ta biyar ta kundin ɗa'ar alƙalan Texas ta ɗaure shi tun yana ɗan takara: ba ya alkawarin yadda zai yanke hukunci a wata shari'a, ko wani nau'in shari'u, ko ga wani rukunin mutane. Ba ya ƙara gishiri a cancantarsa ko ya rage ta abokin takara. Ba ya ba da sunansa a tallata wani ɗan takara na wata kujera, don haka takardar haɗin gwiwa ta "ku zaɓe mu tare" da aka kawo mana tayinta mun ƙi. Kotun Ƙolin Amurka ta yanke a 2002 cewa mai neman alƙalanci yana da 'yancin faɗin ra'ayinsa kan batutuwan shari'a, amma faɗin ra'ayi daban, ɗaukar alkawari daban. Tun bayan gyaran tsarin mulkin jiha na 2021, hukumar ladabtar da alƙalai tana da ikon karɓar ƙorafi a kan 'yan takara ma.

A ƙofar gida ake ganin wuyar abin. A fitar gwaji ta yau wata dattijuwa ta buɗe ƙofa da takardar notis a hannunta, ta naɗe ta huɗu, gefenta ya yi laushi don yawan buɗewa. Ta ce, "Ɗana, in na zaɓe shi zai hana su fitar da ni?" Amsar da muka koyar ita yaron ya bayar: "Mama, wannan alkawarin ba zai iya yi miki ba, duk wanda ya yi miki shi ma ya saɓa doka. Abin da zai iya cewa shi ne zai saurare ki har ki gama, kamar yadda zai saurari mai gidan." Sannan ya rubuta mata lambar ofishin lauyoyin taimakon marasa ƙarfi, ya ce kada ta ƙi zuwa kotu ranar da aka sa.

Wannan shawarar ta ƙarshe ita ce mafi amfani da za a ba ɗan haya, kuma ba ta karya wata ƙa'ida. Shari'ar tashi tana gudu da sauri: notis na kwana uku in yarjejeniyar haya ba ta faɗi wani abu daban ba, zama tsakanin kwana 10 zuwa 21 bayan shigar da ƙara, kwana biyar kacal na ɗaukaka ƙara zuwa kotun gunduma inda ake sake shari'ar daga farko. Wanda bai zo ba ana yanke hukunci a bayansa. Abin da ɗan takara ke da damar magana a kai ke nan, kuma a kansa muka gina saƙonmu: takardun kotu cikin harshe mai sauƙi, tafinta ga wanda ba ya jin Turanci sosai, tunatarwa ta waya kafin ranar zama, fara zama a kan lokaci don mai aikin awa kada ya rasa yininsa, da bayyana wa wanda aka ci tara cewa doka ta ba shi damar biya kaɗan-kaɗan ko aikin al'umma in ba shi da hali. Masu gidajen haya ma irin amsar da aka ba dattijuwar za a ba su, ba ƙari ba ragi. Haka 'yan uwanmu da ke cewa "namu ne, in ya hau mun huta". A gaya musu cikin ladabi cewa ranar da shari'ar ɗan uwa ko abokin kasuwanci ta zo gabansa, janye kansa zai yi.

Alhamis, 15 ga Janairu

An miƙa rahoton kuɗi na rabin shekara, wanda ya tsaya a 31 ga Disamba. Abin da ya ba da wahala ba kuɗi ba ne, kayan da aka bayar ne: wanda ya dafa abincin taro, wanda ya buga riguna kyauta. Duk gudummawa ce, sai an ƙiyasta kuɗinta an rubuta da sunan mai ita. Rigunan sun zo ta hannun shagon da ke da rajistar kamfani, don haka muka biya cikakken kuɗinsu maimakon karɓa kyauta. Daga yanzu duk rasit ana ɗaukar hotonsa a ranar, a tura wa ma'aji kafin a kwanta.

Litinin, 2 ga Fabrairu

Wa'adi biyu a rana ɗaya: rahoton kwana 30 kafin zaɓe, wanda ya ƙunshi har 22 ga Janairu, da rufe rajistar masu zaɓe. Kowa na iya raba fom ɗin rajista, amma karɓar cikakke daga hannun mutum sai wanda gunduma ta horar ta naɗa, shi ma ya kai ofis cikin kwana biyar. Huɗu daga cikinmu ne ke da wannan takardar, su kaɗai suka taɓa fom ɗin kowa. Tambayar farko kullum ita ce ko mutum ya yi rantsuwar zama ɗan ƙasa. Wanda bai yi ba ya yi rajista, ko da bisa kuskure, yana iya rasa zamansa a ƙasar gaba ɗaya. Ƙuri'a ɗaya ba ta kai wannan ba, kuma duk wanda ya yi shakka mun ce ya bari.

Talata, 17 ga Fabrairu

An buɗe zaɓen wuri, wato jefa ƙuri'a kafin ranar zaɓe, zai ci gaba har Juma'a 27 ga wata. A kowace rumfa akwai alama a nisan ƙafa 100 daga ƙofa. Daga nan zuwa ciki babu raba takarda, babu riga ko hula mai sunan ɗan takara. Lasifika kuwa sai bayan ƙafa 1,000. Masu tsayuwa a bayan alama suna miƙa ɗan kati mai girman tafin hannu, da suna da kujera da jumla ɗaya: a gangara har ƙasan takarda. Kujerar JP tana can kusa da ƙarshe, bayan sanata da gwamna da dogon jerin alƙalan manyan kotuna, kuma mutane da yawa suna gajiya su tsallake. Ba a amfani da waya a ɗakin zaɓe, amma ana shiga da takarda, shi ya sa katin ke da amfani.

A tuna wa kowa katin shaida mai hoto: lasisin tuƙi na Texas, katin shaida na jiha, fasfo na Amurka, takardar zama ɗan ƙasa mai hoto, da sauran da doka ta lissafa, bakwai ne duka. Dattijon da ba ya karanta Turanci yana da damar zuwa da wanda ya zaɓa ya taimaka masa, ban da ubangidansa na aiki ko wakilin ƙungiyar ƙwadagonsa, kuma mai taimakon zai yi rantsuwa. Ba ma tura 'yan kamfe su yi wannan. Ɗa ko jika ya fi.

Azumi zai kama gobe ko jibi, don haka an sake jadawali. Masu azumi su ɗauki safiya, daga buɗe rumfa zuwa azahar, kowa awa uku da kujerar naɗewa. Abokan aikinmu da ba sa azumi sun karɓi yamma, wadda ita ce lokacin cunkoso, don rana tana faɗuwa da ƙarfe shida da 'yan mintuna. A wuraren buɗa-baki ɗan takara zai je a matsayin baƙo, ya gaisa, ba raba takarda a cikin masallaci ba, ba kuma neman liman ya ambaci sunansa ba.

Litinin, 23 ga Fabrairu

Rahoton kwana takwas ya shiga, ya tsaya a 21 ga wata. Neman ƙuri'ar gidan waya ya rufe tun Juma'a 20. Ga waɗanda suka samu, galibi 'yan shekara 65 zuwa sama, kuskuren da ke jawo a ƙi ƙuri'a shi ne lambar shaida da ake rubutawa ƙarƙashin marfin ambulan tun dokar 2021: lambar lasisi, ko lambobi huɗu na ƙarshen lambar tsaron zamantakewa (Social Security), kuma sai ta dace da wadda ke rajista. Shawararmu a rubuta duka biyun. Ba ma karɓar ambulan kowa, ba ma zama kusa da mai cikewa.

Gunduma tana fitar da sunayen waɗanda suka riga suka jefa ƙuri'a kowace rana. Kowane dare ana sauke jerin a goge su daga namu, don kada a ɓata kira da takarda a kan wanda ya gama. Wasiƙar talla ta ƙarshe ta tafi gidan waya tun makon jiya. Wadda aka aika yau tana iya isa bayan rabin masu zaɓen wuri sun wuce.

Litinin, 2 ga Maris

Gobe rumfuna za su buɗe 7 na safe su rufe 7 na yamma, kuma duk wanda ke kan layi da ƙarfe bakwai zai jefa ƙuri'arsa. Masu tsayuwa su faɗa wa mutane haka kada su juya. An sake duba jerin rumfuna a shafin gunduma da yammacin nan, domin wurin da mutum ya yi zaɓen wuri ba lallai ne ya zama rumfarsa ta gobe ba. Ba mu da mutanen da za su rufe ko'ina, don haka an zaɓi rumfuna goma da suka fi cika a 2022, mutum biyu kowace, da mota uku masu kai dattawa. Direba ba ya maganar wanda za a zaɓa, ba ya kuma karɓa ko ba da komai.

Wanda aka ba ƙuri'ar wucin gadi don ya manta katin shaida yana da kwana shida, zuwa 9 ga Maris, ya kai katin ofishin rajista. A karɓi lambar wayarsa in ya yarda, a tuna masa. Sakamakon zaɓen wuri yakan fito jim kaɗan bayan rufewa, sauran kuma cikin dare. In aka tafi zagaye na biyu, wanda ya yi zaɓe a ɗaya jam'iyyar gobe ba zai shiga namu ba, amma wanda bai fito ba sam yana da dama, kuma 26 ga Mayu tana dab da Babbar Sallah, sai a yi lissafin masu tafiya Hajji tun yanzu. Alluna kada a tuge su gobe da dare. A bar su a inda suke har ma'aji da shugaban kwamiti su aiko da saƙo ranar Laraba da safe.